Yabo Ba Ya Sauke Wa Mai Jinya Kaya

Zancenmu na yau zai ɗan yi nisan kiwo, domin zai kai mu har ƙasar Amurka. Amma ku yi haƙuri ku biyo ni, ba can za mu kwana ba.

A cikin shekarar 2023 aka fito da wani fim mai suna Still. Fim ne na tarihin rayuwa, watau irin wanda ake ɗaukar mutum yana ba da labarin kansa da bakinsa, ana haɗawa da hotunansa na da. Mutumin kuwa shi ne Michael J. Fox, shahararren ɗan wasan kwaikwayo, wanda ciwon nan na karkarwar jiki da likitoci ke kira Parkinson ya kama tun yana saurayi, ga shi yanzu ya haye shekara 60. Sa'ad da aka fara nuna fim ɗin a bikin finafinai na Sundance cikin watan Janairu na wannan shekara, jama'ar da ke zauren miƙewa suka yi tsaye suna tafi. Cikin watan Mayu kamfanin Apple ya sake shi ga duniya. A Janairun 2024 ya ci lambobin girma 4 na Emmy. Wata guda bayan haka, a wani babban biki na 'yan fim a birnin Landan, aka turo mutumin a keken guragu, ya yunƙura ya miƙe da kansa ya tsaya gaban jama'a. Nan ma zaure ya tashi tsaye, waɗansu suna share hawaye.

In kun bi abin da masu sharhi suka rubuta da abin da 'yan kallo suka riƙa faɗi, za ku ga maganganu biyu ne suka fi yawa. Ta farko, "Allah sarki, dubi yadda ciwo ya mai da shi." Ta biyu, "Kai, amma ya yi dacen mata." Waɗannan maganganu biyu su ne nake so mu zauna mu tattauna a kansu yau, domin a ganina duka biyu suna da gaskiya, amma fa in an tsaya nan an bar jaki ana dukan taiki.

Bari in fara ba ku labarin a taƙaice domin waɗanda ba su san shi ba. An haifi Michael a ƙasar Kanada a 1961. Gajere ne, ɗan firit, irin yaran nan da ba su iya zama wuri guda. Bai gama sakandare ba, yana ɗan shekara 18 ya tafi Holiwud neman sa'a, ya sha yunwa har ta kai shi ga sayar da kujerar ɗakinsa. A 1982 ya sami shiga wani wasan talabijin mai suna Family Ties. A 1985 kuwa da rana yana wannan wasa, da dare ana kwasarsa zuwa wurin ɗaukar fim ɗin Back to the Future, wajen wata uku barci sai ɓarawo. Fim ɗin nan ya fi kowane fim kawo kuɗi a shekarar. Yaro ya wayi gari duniya ta san shi, kuɗi da motoci sai wanda ya zaɓa.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce. Wata safiya a 1990 ya farka ya ga ɗan ƙaramin yatsansa na hagu yana rawa shi kaɗai, ya rasa yadda zai tsai da shi. A 1991 likita ya gaya masa sunan ciwon, ya kuma ce masa abin da ya rage masa na aiki bai wuce shekara goma ba. Lokacin nan shekarunsa 29, aurensa da matarsa Tracy Pollan shekara uku kacal, ɗansu na fari yana ɗan shekara biyu.

Me ya yi? Abin da yawancin maza ke yi, ya ɓoye. Shekara bakwai cur, har zuwa 1998, ban da iyalinsa da 'yan tsirarun mutane babu wanda ya sani. In ana ɗaukarsa sai ya sami wani abu ya riƙe a hannun hagu yana jujjuyawa don kada a ga rawar. Ya riƙa auna lokacin shan ƙwaya yadda za ta kama jikinsa daidai sa'ad da za a kunna na'ura. Tsoro kuma ya tura shi ga kwalba, ya dulmuya cikin shan barasa. A cikin fim ɗin an jero tsofaffin hotunan wasanninsa na wannan zamani, mai kallo yana ganin hannun nan yadda ake ta ɓoyonsa a gaban miliyoyin mutane ba wanda ya lura. Wannan wuri ya taɓa zukatan 'yan kallo ƙwarai, domin da yawansu sun kalli waɗannan wasanni a lokacin suna ta dariya.

To, mu ɗauki maganar farko, ta tausayi. Shi dai mai ciwon bai nemi a ji tausayinsa ba. Mai shirya fim ɗin, Davis Guggenheim, ya ce sharaɗi guda Michael ya kafa masa, shi ne kada a sa masa goge, watau irin kiɗan nan mai sanyi da ake sawa don a matso hawayen mai kallo. Tun farkon fim ɗin an nuna shi yana tafiya a titi, wata mata ta gaishe shi, ya juya zai amsa sai ya faɗi ƙasa. Kafin kowa ya ce wayyo, shi ya riga ya mai da abin raha, yana tsokanar matar cewa ita ce ta kayar da shi. Cikin watannin da aka yi ana ɗaukar fim ɗin ya yi ta faɗuwa yana karairayewa, yau hannu, gobe ƙashin kunci. Sai can da mai shirya fim ya tambaye shi ko yana jin ciwo, sa'an nan ya amsa cewa ciwo mai tsanani ma kuwa, bai faɗa ba ne don zancen bai taso ba.

Mutumin da ke da irin wannan hali, hawayenmu ba su ƙara masa kome. Abin da ya yi da tausayin jama'a shi ne abin koyi. A shekarar 2000 ya kafa gidauniya domin binciken maganin ciwon, wadda ta zuba fiye da dala biliyan 2 a wannan aiki. A watan Afrilun 2023 wani bincike da gidauniyar ta ɗauki nauyinsa ya fito da hanyar gano alamar ciwon a cikin ruwan laka. Watau ya yi wa tausayi mazubi, bai bar shi ya tsiyaye a ƙasa ba.

Mu a nan gida mun san yadda tausayin 'yan kallo yake in babu mazubi. A watan Fabrairun 2022 sashen Hausa na BBC ya yi hira da dattijuwar 'yar wasan nan Ladin Cima a shirin Daga Bakin Mai Ita, inda ta ce abin da ake sallamarta da shi daga naira 2,000 ne zuwa 5,000. Gari ya ɗauka, waɗansu masu shirya fim suka fito suka musa, aka yi kwana da kwanaki ana ja-in-ja a kan ko nawa aka ba ta. Amma babbar tambayar ita ce, ɗan wasa in ƙarfinsa ya ƙare ko ciwo ya kwantar da shi, wa ke ɗaukarsa? Amsar dai ba ɓoyayya ba ce, a Kano ne ko a Amurka. Mace ce, ko matarsa, ko 'yarsa, ko ƙanwarsa.

Wannan ya kawo mu ga magana ta biyu, wadda ita ce ta fi shafarmu. Lalle yabon gwani ya zama dole, Tracy ta cancanci yabo. Aurensu ya haye shekara 35, kusan dukansa cikin jinya aka yi shi, ta kuma haifa masa 'ya'ya huɗu, uku daga cikinsu bayan an san da ciwon. Ranar da ya gaya mata abin da likita ya ce, sai ta tuna masa alkawarin da suka ɗauka ranar aure, na zama tare cikin lafiya da rashinta. Amma 'yan'uwa, in muka ce haƙuri kaɗai ne ya riƙe gidan nan, ba mu kalli fim ɗin da kyau ba.

Dubi yadda suka fara. A wurin wasan Family Ties suka haɗu, lokacin yana tashen suna, kowa na lallaɓa shi. Wata rana bayan an dawo daga cin abinci ya yi mata ba'a a kan warin tafarnuwa. Ta dube shi ta gaya masa cewa wannan rashin ladabi ne, ta kuma wanke shi tas. Shi da bakinsa ya ce a nan ne sonta ya kama shi, don ya daɗe bai ga wanda ya gaya masa gaskiya ba. Sa'an nan dubi yadda ya rabu da barasa. Wata safiya a 1992 ta tarar da shi kwance a kan kujera cikin maye, ga ɗansu ƙarami yana kewaya shi. Ba ta yi ihu ba, ba ta fasa kwano ba. Cikin sanyin murya ta tambaye shi ko irin mutumin da yake so ya zama ke nan. Tun daga ranar bai sake kai kwalba bakinsa ba.

Ashe ke nan abin da matar nan ta ba mijinta gaskiya ce, wadda aka faɗa a kan kari, cikin natsuwa. Da ta yi shiru irin shirun da mu ake koya mana, ta ci gaba da share wurin tana rufa asiri, da yau wani labarin ake yi. Rufin asirin miji abu ne mai kyau, ba mai musun haka. Amma akwai rufin asirin da yake taya mutum haƙa ramin da zai faɗa.

Abu na biyu da masu yabo suka tsallake shi ne, matar nan ba ita kaɗai ke ɗauke da kayan ba. A cikin fim ɗin ana ganin mai koya masa motsa jiki yana biye da shi, yana ce masa ya rage sauri. Ana ganin 'ya'yansa, mace da namiji, zaune da shi ana hira ana tsokanar juna. Ga likitoci, ga kuɗin magani, ga mataimaka. Na san wata za ta ce, to ai shi ya sa, Bature ne mai kuɗi, ina ruwanmu da labarinsa? Ni kuwa sai in ce wannan shi ne dalilin da ya sa labarin ya zama namu. In mai wannan gata duka ya sha irin wahalar da muka gani, ina ga baiwar Allah da ke cikin lungu, miji a kwance shekara biyar, ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce wankin zanen gado, ita ce kuma ke tuya ƙosai da asuba don a sami na magani?

Kowace unguwa akwai irinta. Kowa ya shigo dubiya sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba da lada, ke kam 'yar Aljanna ce." Sa'an nan a baje a tabarma tun hantsi har la'asar, ita ce kawo ruwa, ita ce ɗora tukunya don baƙi. A ajiye mata lemo da ayaba a tashi. Dare ya yi, daga ita sai shi sai Allah. Ta sayar da 'yan kunnenta, ta sayar da akuyarta, ta cinye jarinta. In ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a cikin dangin miji ba a rasa mai cewa a bincike ta, ruwa ba ya tsami banza. Ranar da ta Allah ta kasance kuwa, in akwai 'ya'ya rabonta tumuni ne, in da abokan zama su raba shi tare, kuma da wuya ka ji wanda ya tuna cewa abin da ta kashe na hannunta ya kamata a zauna a yi maganarsa.

Wannan kaya na mata ne a ko'ina. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da yara da tsofaffi da marasa lafiya, wanda ba a biyan ko kwabo a kansa, mata ne ke yinsa. Ga kuma wata tambaya da ban ji masu tafi sun yi ba: da Tracy ce ta kwanta fa? Waɗansu likitoci a Amurka sun bi diddigin majinyata 515 masu ciwon daji da ciwon jijiya, suka buga sakamakon a 2009. Inda miji ne ba shi da lafiya, aure wajen 3 cikin 100 ne ya mutu. Inda mata ce ba ta da lafiya, wajen 21 cikin 100. Bincike guda ne, a ƙasa guda, amma wace ce a cikinmu za ta ce abin ya ba ta mamaki? Mu nan ma ai mun san kalmar da ake faɗa wa mace in ciwonta ya yi tsawo: "Ki je gida ki yi jinya, in kin warke kya dawo."

Waɗansu za su ce jinyar miji ibada ce, bai kamata a sa lissafi a ciki ba. Haka ne, ibada ce, kuma tun muna yara muke jin labarin matar Annabi Ayuba, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da yadda ta tsaya masa. A zamaninmu ma mun ga Lonnie, matar zakaran damben nan Muhammadu Ali, wadda ta aure shi a 1986, shekara biyu bayan an gano yana da wannan ciwo na karkarwa, ta riƙe shi har ya cika a 2016. To amma in lada ce, don me za a bar wa mutum guda? Ƙannen maigida ba su son lada? 'Ya'yansa maza fa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai jinya mutum ce, tana gajiya, bayanta na ciwo, barci na kama ta, kuma sau da yawa ita ma nata ciwon tana ɓoye da shi don babu sararin kwanciya.

Saboda haka ga 'yan shawarwarina, kuma da iyayenmu maza masu leƙen wannan fili nake, ba mata kaɗai ba.

Na farko, a daina ɓoyon ciwo. In kin ga hannun maigida ko na tsohuwarki yana rawa alhali yana ajiye ba aikin kome yake ba, tafiya ta koma ja da ƙafa, jiki ya sandare, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance, fuska ta daina nuna fara'a, to kada a tsaya cewa tsufa ne ko sammu ko iska. Ciwon nan tun 1817 wani likitan Landan mai suna James Parkinson ya bayyana shi. Asalinsa waɗansu ƙwayoyin halitta ne a cikin ƙwaƙwalwa, masu samar da sinadarin dofamin da ke daidaita motsin jiki, suke mutuwa a hankali. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta taɓa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ke fama da shi. Har yanzu ba a sami maganin da ke raba mutum da shi ba, amma akwai ƙwayar lebodopa mai sassauta shi ƙwarai, ga kuma motsa jiki. A nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato. Gwamnati kuma ta dubi tsadar maganin nan, domin na shan kullum ne har iyakar rai.

Na biyu, dangi su zauna su raba kwana, a rubuta a takarda in ta kama. Wane Litinin, wance Talata. 'Ya'ya maza su karɓi wankan mahaifinsu da ɗaga shi, ƙarfinsu ya fi na uwarsu, kuma babu abin kunya a ciki. Wanda ke nesa ya aiko da kuɗi a kan lokaci ba sai an roƙa ba.

Na uku, mu gyara yadda muke dubiya. In za ki je, tafi da dafaffen abinci. Kada ki daɗe, sai fa in zama za ki yi da majinyacin ki ce wa uwargida ta shiga ɗaki ta runtsa. Ki kwashe wankin ki tafi da shi. Ki ja yaran su wuni gidanki. Matan unguwa masu adashi, me zai hana a riƙa ba mai jinya kwasar farko? Kuma in kin gama tambayar jikin maigida, ki juya ki dube ta ki ce, "Ke fa, yaya naki jikin?" Sa'an nan ki tsaya ki ji amsa.

Na huɗu, ke mai jinya, ki buɗe baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faɗin cewa kin gaji ba butulci ba ne, kuma ba ya rage miki lada. Ki kira babban wansa ko limamin unguwa ki ce ga abin da kike iyawa, ga wanda ya fi ƙarfinki. In kika faɗi, ku biyu ne kuka faɗi. In kuma majinyacin ya kama wata hanya da za ta cuce shi, ya ƙi shan magani, ko ya mai da ke abin huce haushi, ki gaya masa gaskiya cikin ladabi. Ciwo ba ya ɗauke wa mutum hankalin jin gaskiya.

Na ƙarshe, maigida, jinya bashi ce. Yadda kake so a riƙe ka ranar da ƙafa ta gaza, haka za ka riƙe ta in ita ce ta riga ka kwanciya.

'Yan'uwa, kallon fim awa ɗaya da rabi ne, a yi hawaye a tashi. Jinya kuwa ba ta da ranar tashi sai wadda Allah Ya yanke. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kafin wannan mako ya fita, kowace ta tuna gida guda a unguwarsu inda ake jinya, ta je ta ɗauki wani abu daga kan matar gidan, kome ƙanƙantarsa.

Masu jinya da ke son su ba mu labarin yadda suke fama, ko masu wata dabara da ta taimake su, ƙofar wannan fili a buɗe take, ku rubuto mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙarfafi masu kula da su, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin. Sai mun sake saduwa.